Ƙulli Uku a Zaren Koma

Ƙyanda ta ɗauke mani ɗan fari yana wata takwas. Saboda haka da aka ce masu allura za su zo garinmu na bakin tabki a ƙasar Ngaski, lokacin muna jihar Sakkwato, ni na fara isa gindin tsamiyar mai gari, da ɗiyata goye. Zafi ne a lokacin, ana ta labarin ciwon ya shiga garin Wara.

Malamar allurar wata Bakambara ce 'yar tudu, gajeruwa, Hausarta da ɗan karkata. Tana da akwatin ƙanƙara da take lulluɓewa da jiƙaƙƙen buhu, ba ta yarda ko inuwa ta gusa ta bar shi. Ta ce sai yaron da ya cika wata tara. To mu masunta wa ke ƙirga wata? Da ruwa muke sanin haihuwa. Ita kuwa ta san haka, sai ta riƙa tambayar kowace uwa, "A wane ruwa aka haife shi?"

Da aka zo kaina na ce, "Farkon damina, Malama." Ƙarya na yi, wallahi, ido buɗe. Ɗiyata sai da farin ruwa, wato cikowar ƙarshen damina, ya cika tabki ta zo duniya, watanta shida ke nan.

Malama ta ɗaga yarinyar, ta juya ta, ta ce, "Yaya, ranar suna 'yan barka da ƙafa suka zo ko da jirgi?"

Kafin in buɗe baki surukata ta cafe: "Da ƙafa ina! Jirage har ƙofar gida aka ɗaure su, kamar ranar kasuwa." Haba Inna! Ita alfahari take yi da taron sunan jikarta, ba ta san ta tone ni ba. Mata suka fashe da dariya.

Ni kuwa raina ya ɓaci. Na ce wa Malama ba ta san zafin haihuwa ba, na ce da ɗiyar ma'aikaci ce da tuni ta soka mata. Na faɗi har abin da ba zan maimaita ba. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Yaya, in na yi mata yanzu, mai yiwuwa ba za ta kama ba. Ki koma gida ki saki jiki, alhali ba ta da kariya. Saura wata uku. Ina za ku kasance?"

Nan na fashe da kuka, don in ruwa ya janye mukan bi kifi zuwa wata tunga a tsibiri, inda ko mai tallan gishiri ba ya zuwa. Ta tambayi sunan tungar. Ta tsinko zare daga wata tsohuwar komar kamun kifi da ke rataye, ta yi ƙulli uku, ta ɗaura a bakin zanen goyona. Ta ce duk tsayuwar wata in kwance ɗaya, kuma kada in kai yarinyar gidan da ake ciwo ko da gidan ubana ne.

Ban yarda za ta zo ba. Amma na kwance na farko, na kwance na biyu. Suna biyu na ƙi zuwa, aka ce na yi girman kai, na ce a faɗa. Kullum in ina bandar kifi sai in taɓa goshin yarinyar, in buɗe bakinta in duba, har maigidana ya ce zan sa mata ciwon da hannu.

Wata na uku ya tsaya, ban kwance ba. Na ce in na kwance ba ta zo ba, me ya rage mani?

Kwana huɗu bayan haka, da hantsi, iskar farkon damina ta taso, tabki ya yi baƙi. Mazanmu duk sun ja jiragensu gaɓa. Sai ga wani kwalekwale yana tangaɗi, mutum biyu na tuƙi, ta uku a tsakiya ta kifa ciki a kan akwati. Ashe ko iyo ba ta iya ba! Ta sauko jiƙe sharkaf, ta juya baya ta yi amai, ta wanke hannu, ta buɗe akwatin ta duba ƙanƙararta. Sannan ta ɗago ta ce, "Ina Yayata mai faɗa?"

Duk yaran tungar da suka isa ta yi wa allura a ranar, amma da tawa ta fara. Yarinya ta tsala ihu, ni kuwa ban taɓa jin kukan da ya yi mani daɗi kamarsa ba. Maimakon roƙon gafarar da na so in yi, sai na cika mata kwando da busasshen kifi.

Da rani ya zagayo ƙyanda ta shiga tungar. Ɗiyata ko zazzaɓi ba ta yi ba. Yau 'ya'yanta biyar, ni kuwa har gobe ban san sunan Malamar ba.

Ƙulli na ukun kuwa, ran da Malama ta zo tungar, ita ta gan shi a bakin zanena tana shirin shiga jirgi. Ta dube ni, ba ta tambaye ni dalili ba. Ta sa haƙori ta kwance shi.