Ranar da Maigida Ya Kira Sunan Ɗan Fari

Maigidana, Allah ya ji ƙansa, manomin rani ne a Jiratawa. Albasa da zogale ya noma har ƙarfinsa ya ƙare, sannan babban ɗanmu ya ɗauko mu ya kawo mu gidansa a unguwar Zariya, cikin Maraɗi.

Wannan ɗan shi ne na fari, kuma a wajenmu ba a kiran sunan ɗan fari. Tun yana goye ubansa bai taɓa faɗinsa ba. "Kai," yake ce masa, ko ya ce da ni, "Ina wannan yaron?" Yana son shi, ni na sani, amma ko wasa ba ya yi da shi a gaban mutane.

Mantuwa ta fara a hankali. Ya ci tuwo ya ce ba a ba shi ba. Na ce tsufa ne. Sai wata safiya ina dama kunu na ji ya ɗaga murya ya kira sunan yaron, ɓaro-ɓaro, har sau biyu. Ludayi ya faɗi daga hannuna. Ɗanmu yana tsaye da furfurarsa, ya sunkuyar da kai ya fice bai amsa ba.

Daga nan maigida ya fara fita. Kowace safiya sai ya buɗe ƙofa ya fice yana kiran sunan nan. Rannan wani ɗan kabu-kabu ya tsince shi can Sabon Gari, ƙafa duk ta kumbura. Ɗanmu ya sayo kwaɗo ya ce za a riƙa kulle shi a ɗaki. Na yi kuka. Mutumin da ya rayu a fili, tsakanin fadama da sama!

Ƙanwata ta zo daga Tibiri da turare, ta ce iska ce. Muka turara shi, ya yi atishawa ya ce, "Ke, kifi kike banda?"

Na roƙa a kai shi likita kafin kwaɗo. Lokotoron ya tambaye shi ranar wata da shekara. Na ce da lokotoron, "Ɗana, wannan ko da lafiyarsa da kasuwanni yake ƙirga kwanaki." Ya yi dariya ya ce abin da suke bincike ke nan, yadda za a tambayi tsofaffinmu a gane ciwon da wuri. Ya ce, "To Inna, ke me kika gani?" Na gaya masa zancen suna. Ya jinjina kai, don shi ma ɗan fari ne.

Aka ɗauki hoton kansa. Lokotoro ya ce ciwo ne na ƙwaƙwalwa, yana cin abin da ya faru kusa-kusa ya bar na da. Maganin warkewa ana kan nema. Sannan ya ce, "Kafin ku kulle shi, ku gano abin da yake fita nema."

A hanya na tuna. Yaron yana ƙarami ya taɓa faɗawa kanal ɗin ban ruwa, ubansa ya tsamo shi ya miƙo mini. Ashe can hankalin maigida yake komawa kullum.

Na ce da ɗanmu, "Kai yake nema. In ya kira, ka amsa."

"Inna, kunya nake ji."

"Ya riƙe tasa har ta suɓuce. Kai ma saki taka."

Washegari maigida ya nufi ƙofa yana kira. Ɗanmu ya yi gyaran murya ya ce, "Na'am, Baba." Tsohon ya juyo, ya shafa rigar ɗanmu ya ji a bushe, ya ce, "Kada ka ƙara zuwa bakin ruwa." Ya dawo ya sha kununsa.

Haka suka yi kowace safiya har Allah ya karɓi abinsa. Kwaɗon a ɗakin awaki ya ƙare.

Yanzu gidan ya yi shiru da safe, ina kuka ban ɓoye ba. Surukata da ke rubuta mini wannan ta ce in faɗi sunan ta sa. Na ce a'a. Ubansa ya kira ya isar mana mu biyu, ni da marigayi.