Tantancewar da Ta Raba Ni da Ƙofa

Shekara goma sha ɗaya na yi ina gadin ƙofar wani sito a Idu. Aikina guda ne: mota ba ta fita da kaya sai takardar izini ta shigo imel ɗina, a wayar da kamfani ya ba ni. Karatuna bai wuce firamare ba, amma na iya duba lambar mota in gwada da ta takarda.

Mu tsofaffin ma'aikata ba abin da muke tsoro kamar tantancewa. Duk sanda aka yi ta, sai an zubar da wani mai furfura. To wata Laraba ina cin garau-garau a bakin ƙofa, saƙo ya shigo da tambarin kamfani, wai duk wanda bai tabbatar da kansa kafin ƙarfe huɗu ba an soke sunansa. Na danna shuɗin rubutun da ke ƙasan saƙon. Ya nemi lambar sirrina. Na zaro 'yar takardar da nake ɓoye ta a cikin hula, na kwafa harafi-harafi, har ina jin daɗin na riga kowa.

Ofis taku ashirin ne daga bencina. Ban je na tambaya ba. Sau biyu na taɓa shiga da matsalar waya, sau biyu 'yan ofis suka haɗa ido suna danne dariya. Na ce ba na uku.

Ashe na buɗe wa ɓarayi akwatin imel ɗina. Suka ga yadda takardar izini take, suka haɗa tasu suka ajiye min. Ran Asabar tirela ta fita cike da kwalaye. Direban har da tambayata iyali. Da hannuna na ja masa ƙofa.

Ran Litinin manaja ya kira ni. Ya karɓi wayar, ya dangwala yatsa a kan sunan wanda ya turo saƙon tantancewar, sai ga wani adireshi can daban, ba na kamfani ba. Ban taɓa sanin ana dangwalawa ba. Ya ce kamfani ba ya tambayar kowa lambar sirri, kuma sun sha turo gargaɗi. Da Turanci, shafi biyu.

"Oga, ni ba ɓarawo ba ne."

"Na sani, Baba. Ajiye makullan."

Na hau tudun Mpape da rana tsaka, lokacin da ban saba ganin unguwarmu ba. Matata na shanya a ƙofar ɗaki. Ta dube ni, ta shiga ta ɗebo min ruwa.