Sunan Inna da Na Ƙwato, Na Kasa Kira

Shekarun baya ne, sun kai goma sha biyu ko sun ɗan ɗara, lokacin da na shiga ajin yaƙi da jahilci a nan Wurno. Ina da jikoki huɗu a lokacin, ina zaune a benci na damƙe fensir kamar mai riƙe da muciya. Wata rana malamarmu, yarinyar da na girmi uwarta, ta ce kowa ta rubuta sunanta da na mahaifinta da na mahaifiyarta. Na rubuta nawa. Na rubuta na Baba, don shi ina jin ana kiran shi a kasuwa. Da na zo kan na uku sai na rubuta Inna.

Malama ta duba littafina ta ce, "Gwaggo, Inna ai ba suna ba ne. Sunanta na yanka nake so."

Na ce, "To ki tahi kushewa ki tambaye ta."

'Yan aji sunka yi dariya, ni ma na yi. Amma da na koma gida abin ya tsaya mini a rai. Matar da ta haife ni, ta goya ni, na yi jinyarta wata bakwai har na rufe mata ido da hannuna, ban san sunanta ba. Mu ɗiyanta Inna muke cewa. Baba "ke" yake ce mata, in da baƙi ya ce "uwar yara". Tsaranta kuwa Ɗiyar Malam suke kiran ta. Ban taɓa tunanin akwai wani abu a ƙarƙashin wannan ba.

Na tambayi yayana, ya sosa gemu, shi ma bai sani ba. 'Yan uwanta duk sun rasu. Sai na tuna da wata tsohuwa a Dinawa, taubashiyar Inna, ɗiyar ƙanwar kakana. Kun san tsakanin taubasai babu kunya, sai wasa da zagi. Na ce in akwai bakin da zai iya, to nata ne.

Na same ta a inuwar rumbu tana ɓarar wake, haƙori biyu sunka rage mata. Na durƙusa na gaishe ta, ta daɗe tana kallona.

"Ke ɗiyar waccan marowaciya ta? Zamna. Mi ya kawo ki?"

"Gwaggo, sunan Inna nake biɗa."

"Sai da ta mutu kunka tuna tana da suna?" Ta watsa ɓawon wake gefe. "Sittana. Sittana mai tahiyar agwagwa."

Na ce ta sake faɗi. Ta sake. Ban taɓa jin shi ba, ko a bakin mutum ko a rediyo. Na tambaye ta daga ina anka samo shi, ta ce in ja kwaryar kusa in taya ta aiki in ina son labari.

Kakana, Malam, ya tafi Makka a ƙafa tun yana saurayi. Can cikin ƙasar Sudan ciwo ya kada shi, ayari ya wuce ya bar shi. Wata tsohuwa ta ja shi cikin bukkarta. Ba ta jin Hausa, shi kuma Larabcin littafi kaɗai ya iya. Wata huɗu tana dama mishi kunu tana ɗura mishi da cokali har ya miƙe. Ranar da zai wuce ya yi alkawari a ranshi, in Allah ya ba shi ɗiya mace sunan wannan matar zai sa mata. Ya dawo, ya yi aure, anka haifi Inna, ya cika alkawari.

"To don mi ba a kiran ta da shi?" na ce.

"Ke kina da hankali kuwa? Mutum ya ɗauki mata uwa, ya kira sunanta? Uwata shika ce ma Sittana. In shi bai kira ba, wa ya isa? Ni kaɗai, ni ma sai in ina son ɓata mata rai."

Tun daga ranar na zama kamar mai cigiya. Duk bikin da na je sai na tambayi tsofaffi. In na raka wata asibiti ana kiran sunaye a layi, sai in kasa kunne. Na tambayi mata a kasuwar Achida, na tambayi dangin mijina na Rabah, na tambayi matan masunta a Goronyo da muke sayen kifi wurinsu. Ba na iya faɗin shi, a takarda nake nunawa ko in sa wata ta karanta musu. Babu wadda ta taɓa jin shi. Wata ta ce mini ko sunan aljana ne, abin da na mayar mata ba zan rubuta shi a nan ba. Autana ya duba mini a waya ya ce akwai shi a Sudan, galibi tsofaffi ne, ma'anarshi kamar a ce uwargijiyarmu. A ƙasarmu dai, iyakar inda ƙafata ta kai, Inna kaɗai ta taɓa ɗaukar shi, kuma ta tafi da shi.

Ana cikin haka matar autana ta haihu, ɗiya mace. Na ji ƙishin-ƙishin autan ya riga ya zaɓi suna, irin na yanzu ɗin nan da kowace unguwa za ka tarar da biyar. Kwana huɗu da haihuwa na yafa mayafi na bi shi fadama. Yana ba albasa ruwa, inji na ta ƙara.

"Iya, lahiya?"

"Kashe injin."

Ya kashe. Na miƙa mishi takardar, ya karanta, ya gane inda na dosa.

"Iya, na riga na yi mata huɗuba."

"A kunne ka yi ta, ba gaban liman ba. Rago na nan da ranshi."

"Sunan nan ba wanda ya san shi. Kullum sai an tambaye ta daga ina take."

"Sai ta ba su labari. Kai da naka da kowa ya sani, in anka kira shi a kasuwa mutum bakwai ke waigowa, mi ya ƙara maka?"

Ya sunkuyar da kai ya ce matarshi ce ta zaɓa, tun tana da ciki take son sunan, kuma ita ta sha naƙuda.

Na ce, "Ni na sha taka."

Ba na alfahari da wannan magana. Har na ƙara da cewa in ba haka ba naman sunan ba zai shiga bakina ba. Ya tsaya cikin laka har idon sawu, ya ce to. Na juyo gida ina taku kamar wadda ta ci shari'a gaban alƙali.

Ranar suna da safe maza sunka taru a ƙofar gida. Ina tsakar gida wajen murhu na ji an shafa fatiha. Maroƙi ya leƙo zaure zai sanar, ya fara, ya sarƙe, ya koma ya sake tambaya, sannan ya ɗaga murya ya faɗa wa duniya yarinya ta ci suna Sittana. Sau uku ya faɗa. Na zauna a kan turmi. Ina jin tun ranar sunan Inna ba a sake sakin wannan suna a fili haka ba. Na ce a raina, shi ke nan, na ƙwato shi.

Da la'asar mata sunka cika gida. Uwar mai jego ta ɗauko jaririya ta ɗora mini a cinya, tana dariya.

"To Yaya, ga uwarki ta dawo. Mi za mu riƙa ce mata?"

Kowa na kallona. A nan ne abin da kowace yarinya a garin nan ta sani, ni da wayona na mance da shi, ya faɗo mini. Wadda anka sa wa sunan uwa ba a kiran ta da shi. Autana ba zai kira sunan kakarshi a gabana ba. Matarshi ba za ta kira ba. Maƙwabta ba za su kira ba, don ganin idona. Sai in ni na buɗe musu hanya.

Kuma na yi niyya. Wallahi na yi niyya. Na ce zan ce musu sunanta za a kira, ga shi, kowa ya koya. Na buɗe baki. Ni da anka sani a unguwa ba a gama faɗa mini magana ban mayar ba, ni da na taɓa tsayar da mai unguwa a kan hanya, harshena ya kwanta kamar an ɗora mishi dutse. Na ga fuskar Inna tana kallona yadda take yi in na yi rashin kunya gaban baƙi.

Na ce, "Inna."

Anka rangaɗa guɗa. Kafin magariba har yaran maƙwabta na cewa za su ga Inna ƙarama.

Bayan kwana biyu autana ya shigo gaishe ni. Ya zauna bakin ƙofa yana wasa da hularshi ya ce, "Iya, da kin bar mana namu, da ko ana kiran shi." Ba da faɗa ya faɗa ba. Matarshi kuwa ba ta taɓa tayar da zancen ba har yau, kuma wannan ya fi mini ciwo.

Tsohuwar Dinawa an kawo ta sau ɗaya ta ga yarinyar. Ta ɗaga ta sama ta ce, "Sittana, kin dawo ki ci gaba da rowa?" Ta yi ta zaginta tana dariya, ni ina gefe ina shan sunan kamar ruwan sanyi. Kafin yarinyar ta fara rarrafe tsohuwa ta rasu.

Abin da na gane, kuma na gaji da juya shi a raina, shi ne a wurinmu ba ƙiyayya ke kashe suna ba. Girmamawa ce. Kakana ya ɗauko shi daga wata ƙasa don kada a mance da matar da ta cece shi, ya rufe shi da kunya. Ni na tono shi, na ɓata wa mutum biyu rai a kanshi, na sake rufe shi da bakina. Ko a makaranta yana cikin rajista, amma malamin ajinsu ɗan maƙwabcinmu ne, Inna yake ce mata.

Kada wata ta zo ta ce mini ai ba haramun ba ne, in daure in faɗa. Na sani ba haramun ba ne. Na gwada ni kaɗai a ɗaki, rabi ke fita ya koma. Hannu ne kaɗai ke iyawa, shi da ya yi karatu da tsufa bai koyi kunya ba, ga shi kun gani na rubuta shi har sau nawa.

Yanzu yarinyar ta girma, ta fara yi mini tsifar kai. Wani lokaci in tana bayana sai in ce, "Ke, wai mi sunanki na yanka?" Sai ta faɗa. In ce ban ji ba. Ta matso kusa da kunnena ta sake faɗa da ƙarfi, a hankali, yadda ake yi wa kurma. Na ji ta ranar nan tana gaya wa uwarta wai Kaka ta fara ruɗewa, kullum sai ta mance sunanta.

Na bar su a haka.