Tauren da Boaz Ya Yanka

Mahaifiyata sunanta Magdalena, amma wanda ya shigo unguwarmu ta Gwadabawa a Jimeta a wancan zamani yana neman Magdalena sai ya gaji da yawo. In ya ce Mama Mai Kifi, nan da nan za a nuna masa ƙofarmu. Gajeriya ce, ga faɗa, muryarta kullum tana riga ta shiga gida. A wani ƙauye aka haife ta a bakin kogi kusa da Numan. Ba ta yi boko ba, amma tana karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, tana bin layi da ɗan yatsa, kuma kada ka kuskura ka gyara mata. Ta zo Jimeta shekarar da aka samu 'yancin kai, ita da babanmu Wilson, kafinta, da ni Keturah ina 'yar shekara takwas.

Sana'arta kifi. Da sassafe ta sauka bakin Binuwai wajen masunta, ta dawo da kwando a ka, ta banda shi a bayan gida, ta kai kasuwa. Kayan makarantata, littattafaina, har gashin kaina, duk warin hayaƙi suke yi. Na sha tsokana a aji har na gaji. Da na kai mata ƙara sai ta ce, "Ki ce musu hayaƙin nan ne ya saya miki takalmin da kike takawa."

Kirsimetinmu na farko a Jimeta da kuka ya ƙare. Mama ta dafa shinkafa da miyar kaza, ta zuba a kwanuka bakwai, ta aika gidajen maƙwabta kamar yadda ake yi a ƙauyensu. Kafin la'asar kwanukan suka dawo a cike, kowanne da saƙon godiya mai daɗi. Ta zauna a kan turmi ta yi kuka, da kukan ya ƙare ta koma masifa, wai ita ba ƙazama ba ce. Tana cikin haka sai ga wata doguwar Bafulatana ta yi sallama. Gogo Sabuwa ke nan, wadda katanga ɗaya ta raba gidanmu da nata, 'yar cikin garin Yola ce aure ya kawo ta Jimeta.

Ta ce, "Ƙanwata, ba ke muka ƙi ba. Wa ya yanka kazar?"

Mama ta ce, "Mijina mana, wa kuma?"

"To, wurin nan ne maganar take. Mu sai yankan Musulmi muke ci. Baɗi ki nemi wanda zai yanka miki, ni ce zan fara sa hannu a kwanon."

Tun daga ranar Mama take ce mata Adda, wato yaya. Kuma tun daga shekarar da ta biyo baya, babu wani Kirista da ya ƙara ɗora wuƙa a wuyan dabba a gidanmu ranar jajibere. Mama ta samo wani mahauci a kasuwa, Malam Bappayo, mutumin unguwar Mbamoi ta cikin Yola. Kowace shekara bayan azahar sai ya taso a kekensa daga Yola, wuƙarsa naɗe cikin tsumma, ya yanka, ya wanke hannu, ya sha kunun gyaɗa kofi biyu, ya tafi. Kwanuka bakwai su fita ranar Kirsimeti, su dawo a wanke. Ranar Babbar Sallah kuma cinyar rago ta ƙetaro mana daga gidan Gogo.

Jajiberen Kirsimeti a gidanmu ba ranar hutu ba ce, ke dai bari. Tun hantsi Baba yake shafa wa bango farar ƙasa, ya shafa wa kansa rabi. Ni da ƙanwata Hilda mu zauna tsintar tsakuwa a shinkafa, kanmu na zafi saboda sabon kitso. Cincin kuwa tun kwana biyu aka soya aka cika garwa, Mama ta ɗaure murfin da igiya, ɗauri na musamman, yadda in an taɓa za ta gane. An taɓa kuwa kowace shekara, kuma kowace shekara Baba ne. Da yamma mu yi wanka, Baba ya karanta mana labarin makiyaya a tsakar gida, Mama ta ɗauko waƙa da muryarta ta kasuwa, sannan mu tafi sujada. Amma gaba da komai akwai taure. Tun watan Agusta take sayensa, ta yi ta ɗura masa dusa da ganyen gyaɗa, tana yi masa hira, har ya zama da ƙyar yake tashi.

Shekarar da nake so in ba da labari ita ce 1972, lokacin ana kiran jiharmu Arewa maso Gabas, komai sai an je Maiduguri. Ina da shekara ashirin, na fara koyarwa a firamare, kuma akwai wani malami da yake nemana, Boaz. Dogo, mai ladabi, ga iya guga. Daga can cikin duwatsun Ganye ya fito, daga ƙauyen da kowa Kirista ne, bai fi wata shida a Jimeta ba. A jajiberen nan ne zai fara zuwa gidanmu a matsayin mai nema, shi ya sa tun dare ya kasa zaune ya kasa tsaye.

Ya iso da hantsi. Mama ta tafi kasuwa sayen tumatir da tattasai, Baba ya fita neman ƙarin farar ƙasa, ni da Hilda muna gidan mai kitso ana ƙarasa mana. Ya tarar da gida shiru, ga taure a ɗaure, ga wuƙa da bahon ruwa an ajiye. Bawan Allah ya ce a ransa, ai ga inda zai nuna wa surukai shi ba malalaci ba ne. A garinsu, in ji shi, abin kunya ne saurayi ya zauna yana kallo dattijo yana fama da dabba. Ya cire farar rigarsa ya rataye a kan igiyar shanya, ya kama aiki.

Gaskiya dai ya iya. Da muka shigo, mun tarar ya feɗe, ya rataye, ya wanke kayan ciki tas, ya shanya fata, yana tsaye yana murmushi kamar wanda ya ci jarrabawa. Hilda ta ɗora hannu a ka ta ce, "Wayyo, mun mutu!" Shi kuma ya zaci yabo ne.

Muna tsaye a haka Mama ta shigo. Ta dubi naman, ta dubi Boaz, ta sauke kwandon a hankali. Da faɗa ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Can ta ce, "Ɗana, wa ya yanka?"

Ya ce, "Ni ne, Mama. Na ce in rage muku aiki."

Ta ce, "Sannu da ƙoƙari," ta shige ɗaki.

Na bi ta. Na same ta zaune a bakin gado, gyalenta a cinya. Taure ɗaya ne, babu wani, kuma a jajibere duk na kirki an riga an kwashe a kasuwa. Shekara goma sha ɗaya kwanon Gogo Sabuwa bai taɓa fashi ba. Ga shi Gogo ta tsufa, ba ta fita, tun farkon Disamba take aiko tambayar lafiyar tauren ta kan katanga. Ni kuwa ba Gogo ce a raina ba, Boaz ne. Ina tsoron unguwa ta ɗauki labari, a yi ta yi masa dariya har ya ƙi dawowa.

Sai na matso na rage murya na ce, "Mama, wa ya gani? Babu kowa. A aika wa Malam Bappayo a ce kada ya wahala, wani malami ya riga ya yanka. Ba ƙarya ba ce ma, Boaz ai malami ne. Nama nama ne, Mama. Gogo ba za ta taɓa sani ba."

Ta ɗago ta dube ni. Ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ni zan sani." Sannan ta yafa gyale ta ce, "Tashi, ke za ki raka ni."

Tafiyar ba ta fi taku talatin ba. A zatona kai ni za ta yi ta tona mini asiri. Muka sami Gogo a inuwar rumfa tana kaɗi, ta yi mana maraba, ta tambayi gajiyar jajibere, ta tambayi kitso, ta tambayi cincin. Mama ta bari aka gama gaisuwa kaf, sannan ta ce, "Adda, bana babu naman da zan aiko miki. Baƙon da ke neman 'yarki ne ya zo ba ma nan, bai san tsarinmu ba, ya yanka tauren da hannunsa. Na zo in faɗa miki da bakina, kada gobe ki ga shiru ki ce na canza."

Muryarta ta karye a kan kalmar ƙarshe. Gogo ta ajiye mazarin. Sai na ga kafaɗunta suna rawa, ashe dariya take yi. Ta yi dariya har da tari, har da share hawaye da bakin zane.

"Da hannunsa? Shi kaɗai? Wannan ƙaton tauren? To, Keturah kin samu miji, ba za ki kwana da yunwa ba!"

Mama ta ce, "Adda, ni ba dariya na zo yi ba. Raina ya ɓaci."

Gogo ta daina. Ta kamo hannun Mama ta riƙe. Ta ce, "Ƙanwata, shekara nawa nake cin namanki? Kin taɓa ganina a wurin yankan? Wannan Bappayo naku, ko a hanya na gamu da shi ban san fuskarsa ba. Ban taɓa tambayarsa ba, ban taɓa aika wani ya duba mini ba. Ke kika ce Musulmi ya yanka, na ci. Maganarki nake ci duk shekarun nan."

Mama ta rufe fuska da gyale. Ni kuwa na rasa inda zan sa idona, kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Tsohuwar nan da na ce ba za ta taɓa sani ba, gaskiya na faɗa, ba za ta sani ba. Da ta ci, ta yi mana godiya, ta sa mana albarka.

Gogo ta saki hannun ta ce, "To, kuka ya isa, yau ranar murnarku ce. Ke da ake kira Mai Kifi, kifi ma sai an yanka? Ki dafa mini kifi, ki cika yaji. Ki ɗauki babbar tukunyata ki yi a ciki. Sauran gidajen ki bar mini, ni zan faɗa musu. Kuma gobe wannan mai wuƙar shi zai kawo mini kwanon, ina so in gan shi."

Mama ta ce ita ai kunya take ji, kifi abincin kullum, a ranar Kirsimeti? Gogo ta ce a gidanta dai ba na kullum ba ne.

Kafin la'asar Mama ta sauka bakin kogi ta dawo da giwan ruwa guda biyu, manya, Baba da Boaz suka taya ta ɗauka. Malam Bappayo ya iso a kan lokacinsa, ya ji labari, ya zagaya naman da ke rataye ya ce fiɗar ta yi kyau, ya sha kununsa ya hau keke. Boaz kuwa da ya gane abin da ya yi, ya durƙusa gaban Mama yana ba da haƙuri har ta gaji ta ce ya tashi ya daka mata citta. Da yamma Baba ya karanta labarin makiyaya, Mama ta ɗauko waƙa, muryarta ta dawo daidai.

Washegari bayan sujada Boaz ya ɗauki kwanuka bakwai ɗaya bayan ɗaya, cikin farar rigarsa, ya bi gida-gida. Kowane gida sai an fito an kalle shi an tambaye shi ina wuƙar. Mu kuma muka ci taure har kwana huɗu, har muka ƙoshi da ganinsa. Bayan Ista aka ɗaura mana aure. Har ya yi furfura, tsofaffin Gwadabawa Sarkin Fawa suke ce masa, ya daina musu ma.

Mama ta yi shekara ashirin da shida bayan wannan, tana ba da labarin a kowane jajibere, tana kwaikwayon murmushin Boaz har jikoki su faɗi don dariya. Amma duk lokacin da ta zo wurin da na bi ta ɗaki, sai ta tsallake. Ba ta taɓa faɗa wa Baba shawarar da na ba ta ba, ba ta faɗa wa Hilda ba, ba ta faɗa wa mijina ba. Ta tafi da ita. Yau ni na faɗa da bakina.