Kaskon da na saya a Tanda

Jama'a, sai da na yi furfura na koyi rubutu, to ba zan ɓata shi wurin ƙarya ba. Wallahi ni abin nan ya faru da ni, a Gaya, ana saura ƴan shekaru Anasara su tafi.

Ina kuku wurin wani lokotoro, wato likitan dabbobi, Anasara, mai mota da ɗaki a bayanta, har da gado. Sanyin bakin kogin Kwara ya hana shi sakat, sai ya ce da ni da Sale mai wankinsa, wanda ya samo abin ɗumama motar shi zai bi shi rangadi, ɗayan ya nemi wani aiki. Sale ya haye kogi zuwa garin Malanbil ya kawo risho mai kananzir, Anasara yana ta shafa shi yana yaba Sale. Ni da na shekara shida ina dafa masa! Ranar ko tuwo ban iya haɗiya ba.

Na tafi kasuwar Tanda, na ga kasko gaban wata tsohuwa, na taɓa, na ji ɗumi alhali ba wuta ciki, toka kawai. Ta ce, "Ɗana, bar wannan. Na ɗiyata ne, da shi ake mata wutar jego ta rasu, ba a fid da tokar ba tukuna." Na san ba a ɗaukar kasko da tokar gidan mutane, amma fuskar Sale kaɗai nake gani. Na matsa har ta bar mini.

Ko garwashi ban sa ba motar ta yi ɗumi, ga shi ba warin kananzir. Aka sallami Sale. Da zai tafi ya ce mini, "Malam, Allah ya sa ka ji daɗinsa."

Muna rangadi a hanyar Yelu, rana tsaka, ƙamshin kunun kanwa ya cika motar, sai muka ji mace a baya tana rarrashin jariri, a hankali. Anasara ya taka birki ya ce, "Wa ka ɗauko?" Muka buɗe, ba kowa, amma katifar ta lotsa, da ɗumi. Subhanallahi! Na ɗauko kaskon na juye tokar gindin wata tsamiya.

Da na mayar da kaskon, tsohuwar ta leƙa ciki, ba toka, ta ce, "Ina ka sauke ta?" Na faɗa mata. Ta ɗaura gyale ta kama hanyar Yelu a ƙasa, ban ƙara ganinta ba.

Don Allah, in hassada ta aike ku kasuwa, ku koma gida hannu wofi.