Malam Tahir da Neman Ungozoma

Duk wanda ya tashi a Rafin Kanya, wani ƙauye a ƙasar Minjibir, ya san rubutun Malam Tahir tun kafin ya san nasa. Shekara talatin da biyu ya yi yana koyarwa a firamaren garin, kuma duk tsawon shekarun shi ke rubuta wa mutane wasiƙa. Wanda ɗansa ya tafi Legas, wadda mijinta ya tafi ci-rani, duk ƙofar gidansa ake zuwa. Da waya ta zo ta kashe wasiƙa, sai ƙungiyar ci gaban gari ta naɗa shi sakatare, don dai kada alƙalamin ya bushe.

Malam mutum ne mai kunya, kunyar ma irin ta mutanen da. A wasiƙarsa gaisuwa kan ci rabin takarda, buƙatar da aka zo da ita kuwa sai ka sa ido kafin ka hango ta can ƙasa a lulluɓe. In tsoho ya ce a gaya wa ɗansa hatsi ya ƙare, Malam zai rubuta, "Muna nan cikin rufin asiri, sai abin da ba a rasa ba." 'Ya'yan kuma suna ganewa, saboda sun san gida, sun san rumbun.

Shekarar da ake wannan magana mutanen gari suka yi gayya suka gina ƙaramin asibiti mai ɗaki uku. 'Yan garin da ke kasuwanci a Dawanau suka yi rufi, suka sayi gado biyu da sola. Gini ya tsaya, mai aiki babu. Abin da ake so ungozoma ce wadda ta yi karatun aikin, domin rafin da garin ya ci sunansa kan cika a watan Agusta ya raba su da titi, wani lokaci har kwana uku. Kowace mace a garin ta san abin da kwana uku ke nufi ga mai naƙuda. Sai aka ce Malam ya rubuta sanarwa, a sa a shafin Fesbuk na ƙungiya, a kuma tura zaurukan Watsaf.

A daidai lokacin 'yarsa ta fari, Maimunat, ta dawo gida goyon ciki, cikin fari. Lissafin matan gida ya faɗa tsakiyar Agusta. Malam bai taɓa kiran sunanta ba, "yarinyar nan" yake cewa, balle a ji maganar cikin a bakinsa. Amma a zuci yana ƙirga kwanaki, kuma tsoro yake ji.

Ya zauna ya zuba basira. Sanarwar ta fara da sallama da salati, ta gai da masu karatu da iyalansu, ta kawo tarihin ƙungiya, sannan ta ce ana neman "ma'aikaciyar lafiya mai tsoron Allah da haƙuri, don taimaka wa iyayenmu mata a kan lalurorinsu." Kalmar haihuwa bai sa ba, wai ba girmansa ba ne. Albashi ya ce "za a daidaita," don a saninsa mai hankali ba ya fara faɗin farashi. Wurin aiki ya rubuta Kano kawai. Zancen rafi kuwa bai ko kusance shi ba.

Da aka sa sanarwar, waya ta yi ta ƙara kamar gidan biki, Malam har da murmushi. Amma su wa ke kira? Wata ta gama sakandare bara tana sha'awar aikin asibiti. Wani yana nema wa ƙanwar matarsa. Wani ƙato ma cewa ya yi ya iya allura, ko za a yi maneji da namiji. Cikin mutum arba'in da wani abu, ɗaya ce tak ungozoma, Sakinatu, daga cikin birni.

Ta hau mota zuwa Minjibir, ta hau babur, ta iso da taɓo har gwiwa. Ta duba ɗakunan asibitin, ta sha ruwa, sannan ta durƙusa gaban Malam.

"Baba, ku yi haƙuri, zan faɗi abin da ke raina. Ni na zaci gefen birni ne. Yara uku gare ni a makaranta, ba zan iya zama nan ba."

"Allah Sarki," in ji Malam. "Ai da kin zauna da kin saba."

"Ba sabo ba ne, Baba. Sanarwarku sau uku na karanta, ban san aikin ba, ban san wurin ba, ban san abin da za a ba ni ba. Rashin aiki ne ya sa na yi kasadar zuwa. Wadda ta ƙware tana da inda take, ba za ta taso a kan 'za a daidaita' ba."

Malam ya ji maganar har ƙashinsa. "'Yata, ai mutum ba ya tona asirin garinsu a gaban duniya."

"To ai wadda za ta zo sai ta gani. Akwai waɗanda ƙauye bai dame su ba, wallahi akwai. Ba su dai san da su kuke ba."

Ta tafi ta bar shi da ɓacin rai. Yarinyar da ya isa ya haifa ta zo har ƙofar gidansa ta gyara masa rubutu! Kwana biyu yana gunaguni a gona, yana maimai yana huci. A rana ta uku da hantsi ya dawo ya tarar da Maimunat zaune a tsakar gida, ta miƙe ƙafafu sun kumbura sumtum. Ta yi yunƙurin tashi ta gaishe shi, ta kasa sai da ta dafa bango. Ya kau da kai ya wuce ɗaki, fushin nan duk ya zube. Sauran mako biyar.

Bayan la'asar ya ɗauko takarda. Wannan karon sallama ɗaya ya yi, ya shiga magana. Ana neman ungozoma mai takardar shaida da lasisi, wadda ta yi aƙalla shekara uku tana aiki. Da ya zo kan aikin, hannunsa ya tsaya, ya yi ta'awwuzi, ya rubuta: awon ciki da karɓar haihuwa. Ya faɗi sunan gari da nisansa daga Minjibir. Ya rubuta albashin da lambobi, da ranar biya. Akwai ɗaki da bayan gida, akwai sola, ruwan rijiya ne. Sannan ya ƙara abin da ya fi yi masa nauyi: "Rafi kan tare hanya a watan Agusta. Wadda za ta zo ta san cewa a kwanakin nan ita kaɗai ce, ba likita kusa. Saboda haka ne ma muke nemanta."

Alhaji Basiru, shugaban ƙungiya, ya karanta ya riƙe baki. "Haba Malam, ai ka kore su tun kafin su zo."

"Alhaji, waccan ta tara mana mutane, wa muka samu? A sa ta haka."

Mutum huɗu ne suka kira, dukkansu ungozomomi. A cikinsu akwai Furera, 'yar ƙasar Shanono, shekararta tara tana aiki, kuma zaman birni ya ishe ta. Ba ta yi dogon ciniki ba. Ta tambayi irin magungunan da ke akwai, ta karanto waɗanda za a saya kafin ruwa ya yi ƙarfi, Malam yana rubutawa kamar ɗalibi. Ta iso da jakarta kwana goma kafin rafi ya cika.

Ran wata Talata da safe naƙuda ta kama Maimunat. Kwana biyu ke nan ana ruwa, rafi ya shafe hanya, ko babur ba ya ƙetarewa. Mata suka kai ta asibitin. Malam ya zauna a rumfar masallaci da dattawa, ana hirar tsadar taki, yana amsawa da "haka ne" ba tare da ya ji abin da ake cewa ba. Azahar ta wuce. Aka yi la'asar.

Can sai ga Furera ta fito, ta nufo rumfar kai tsaye. Baƙuwa ce, ba ta san ba a yi wa Malam irin wannan albishir a gaban mutane ba.

"Baba, Maimunat ta sauka, an samu mace. Jini ya so ya ba mu wahala, amma ya tsaya. Da a hanya abin ya same ta, da labarin ya sha bamban. Duk suna lafiya."

Dattawa suka yi ta barka. Malam ya sunkuyar da kai ya ce, "To, madalla." Sai ya miƙe ya ce bari ya duba gero, ko ruwa ya kwantar da shi. Kowa ya san ba a duba gero ana yayyafi, amma suka ƙyale shi ya tafi. Ya shiga gonar har inda karan ya fi shi tsawo, ya tsuguna, ya yi kuka sosai.