Daga Gwandu Zuwa Dangoma a Kan Itacen Wanka

Mun tashi da asuba daga Gwandu ranar Talatar da ta wuce, mu huɗu: ni, da mai ɗakina, da gwaggona, da direba. Mai ɗakina tana wata na takwas da cikin fari, za a kai ta gidan iyayenta a Dangoma, ƙasar Kalgo, ta haihu a can ta yi wanka. Gwaggo ce mai rakiya. Ni a ƙa'ida ba ni da gurbi a tafiyar, don ba a san miji da bin irin wannan ayari ba. Sai na ce akwai fadamar shinkafa a Kalgo da aiki ya ce in duba. Fadamar tana nan, ban yi ƙarya ba, amma ba zan rantse cewa ita ta tashe ni ba.

Motar ta wani aminin babana ce mai sayen gyaɗa, ya ba mu aro. Irin gajerun nan ce masu ƙashin lori da doguwar ƙafa, gaba mutum uku, baya benci biyu da rufin tamfol. Ku da muka gama makarantar aikin gona tare kun san halina, ba na iya barin abu sai na taɓa shi. Ana gobe tafiya direba ya je Ceberu ganin iyalinsa, ni kuma na zauna na yi wa motar shiri. Na sa aka sauke duk kayan da aka riga aka loda: itacen wankan jego, wanda haƙƙin miji ne ya kai, da babbar tukunya, da buhun gero. Na ce jakuna su biyo da su daga baya. A tunanina mota marar nauyi ta fi tafiya a hankali. Sannan na sami wani ɗan littafi a akwatin motar, na sa aka buga wa tayoyi iska daidai da abin da ya rubuta, har suka yi tauri kamar dutse.

Da direba ya leƙa baya ya ga wayam, sai ya ce, “Malam, haka za mu?” Na ce haka za mu, kuma a tafi sannu sannu. Dattijo ne mai furfura a gemu. Ya dube ni, ya dubi tayoyin, ya ce, “To, Allah shi kai mu lafiya.”

Damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba. An yanke gero, dawa na tsaye, ko'ina kore shar. Amma abin da ruwa ya yi wa hanya ba kyan gani. Inda ba rami, akwai gargada jere kamar kunyoyin gona. Ba mu yi nisa ba motar ta fara tsalle, musamman ta baya inda mata suke. Ƙwaryar furar da gwaggo ta riƙe ta zube rabi a zanenta. Ina waiwayawa ta ƴar taga, ina ganin mai ɗakina ta ja mayafi ta rufe fuska, ta riƙe ƙarfen benci da hannu biyu. Ni kuma ba dama in tambaye ta a gaban gwaggo. Sai na ce, “Gwaggo, lafiya dai?” Ta ce, “Lafiya lau, ɗan nan. Haƙora huɗu sunka rage min, ina ƙirga su ko da wani ya faɗi.”

Kafin Ambursa, in ban manta wurin ba, muka faɗa wani kwazazzabo. Bayan motar ya tashi sama ya dawo da ƙarfi. Gwaggo ta buga jikin mota ta ce a tsaya. Ta kama mai ɗakina suka zaga bayan wata tsamiya, suka daɗe. Da ta dawo babu wasa a fuskarta. Ba ni ta kalla ba, direba ta yi wa magana: “Tun da munka fito ɗan bai motsa ba. Shi da ke hana ta barci da shuri.”

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Na ce a koma gida. Na ce a'a, a nemi jaki. Na ce ko kuwa a jira nan. Direba ya bari na gama, sannan ya ce, “Malam, in yi magana?” Na ce don Allah ya yi.

“Wagga mota don kaya anka yi ta. In bayanta ba nauyi, sifirin ba shi lanƙwasa, sai ta dinga harbi kamar jakin da ba a aza ma mangala ba. Ka sauke mata kaya, ka cika mata taya, ka aje mai ciki bisa ƙafar baya. Mi kake so ta yi?”

Ya durƙusa ya nuna mini sifirin, ƙarafan nan masu falle-falle da ke ƙarƙashi, sun sandare ko motsi ba sa yi. Na tambaye shi abin da ya hana shi faɗa tun a gida. Ya ce, “Kai ka yi makaranta, ka zo da littafi a hannu.” Wannan magana ta fi zagi yi mini ciwo, kuma ina ganin ba da nufin ciwo ya faɗe ta ba.

Allah ya taimake mu, ga wasu mutum biyu ƴan Dodoru sun koro jakuna da itacen marke za su kasuwa. Da suka ga mota suka ce dami sisi. Gwaggo ta ce ko ita da ta tsufa ba ta taɓa jin marke ya wuce taro ba, suka yi dariya suka sallama. Muka kwashe duka. Direba ya jera itacen daidai kan ƙafafun baya, ya ɗaure tam da igiya, muka ƙara da buhu biyu na yashin kwazazzabon. Ya ɗauki tsinken ashana ya rage iskar kowace taya, yana danna ta da babban yatsa har ya gamsu. Ya ce ba a rage da yawa, don kada dutse ya ci taya. Ya shafa baƙin mai tsakanin fallayen sifirin da gashin kaza.

Saura wurin zama. Ya ce gaba ta fi laushi, don tana tsakanin ƙafafun mota. Mai ɗakina ta ƙi, ita ba za ta zauna kusa da direba ba. Gwaggo ta raba gardama: ta ɗaure mata ƙasan ciki da zane, ta sa mata matashin audugar rimi a baya, ta zaunar da ita bakin ƙofa, ita kuma ta shige tsakiya. Ta ce da ni, “Kai da ka zo duba shinkafa, hau bisa itace, ka fi ganin gona.”

Haka na hau. Da muka shiga gargada sai na ji direba ya ƙara wuta maimakon ya rage. Na buga masa rufi, bai kula ni ba. Abin mamaki, girgizar sai ta lafa, kamar tayoyin suna bi ta kan kunyoyin ba sa faɗawa ciki. In ya hango rami kuwa, sai ya rage har mai tafiya a ƙasa ya wuce mu, ya shiga a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya. Ba zan ce motar ta zama kwalekwale a ruwa kwance ba. Amma sauran furar nan, wadda aka ba ni riƙo, ko ɗigo bai zuba ba.

A Birnin Kebbi na roƙi gwaggo mu tsaya asibiti. Ta ce a bari mai ɗakina ta ci abinci ta kwanta tukuna, in mun kai Kalgo shiru, ita da kanta za ta ce a juyo. Ban tabbata hakan ne daidai ba, har yanzu ma ban tabbata ba, amma na bi.

Mun shiga Kalgo da azahar. Garin kifi ne, wanda za ka saya sule a Gwandu a nan sisi ne, ga tuwon shinkafa da zafinsa. Mata suka shiga gidan wata ƙawar gwaggo. Mu muka yi salla muka zauna gindin bango, direba na cin kifi, ni ina juya nawa a kwano. Ban san tsawon zaman ba. Can sai ga gwaggo ta fito tana gyara ɗankwali. Ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba, ta ce, “Direba, tada motarka. Fasinjanka na biyar ya farka, har ya shure ni a hannu.” Direba ya ce alhamdu lillahi da ƙarfi. Ni na sunkuyar da kai ina cire ƙayar kifi, don ba ni da izinin yin murna a fili, kuma idanuna ba su da kyan nunawa a lokacin.

Mun isa Dangoma da la'asar. Na durƙusa a zaure na gaida surukina. Mutane suka taru suna kallon itacen, ana cewa ba a taɓa ganin mijin da ya kawo itacen wanka da kansa ba, har ya zauna a kai don kada ya zube. Na buɗe baki zan gyara maganar, gwaggo ta harare ni, na rufe. Da za mu tafi masauki ta kawo mini saƙo daga cikin gida: wai an ce in duba shinkafata da kyau.

Na duba ta washegari, ta yi kyau. Muka bar gwaggo a can, muka juyo ni da direba. Kafin ya ce komai na nemo buhuna na cika da yashi. A hanya na sake buɗe littafin nan, sai na ga iskar da na sa aka buga ta mota mai cikakken lodi ce, an rubuta a ƙasan shafin, ban kai can ba. Littafin bai yi laifi ba. Ni ne na karanta rabi, kuma mutumin da ya san sauran yana tsaye a gabana ban tambaye shi ba.

Yanzu muna jiran labari daga Dangoma, ku sa mu a addu'a. Na riga na roƙi direban nan shi zai ɗauko su in an gama wanka. Buhunan yashi huɗu suna jingine a zaurenmu. Babana ya tambaye ni ko gini zan yi, na ce a'a, na baƙo ne.